Fuskokin Kudan a Bangon Kumasi

Da za a ce mini in zaɓi yini ɗaya a rayuwata a goge shi, ba zan yi dogon tunani ba. Wata Laraba ce a Kumasi, tsakanin hantsi da azahar, na ɗauki bokitin farar ƙasa da tsintsiya na shafe wani bango. Aikin bai kai lokacin da mutum zai ci tuwo ya wanke hannu ba. Ga shi yau haƙorana sun zube, gwiwa ta ƙi, amma ban daina jin nauyin bokitin nan a hannuna ba.

Abokan zamana a dakalin ƙofar gida sun daɗe suna cewa, "Malam Idi, ba mu labarin Gwanja," wato ƙasar goro ta can Gana. Nakan ba su na jirgi da na kan iyaka, su yi dariya. In na iso wurin bangon sai in karkata, ko in faɗe shi yadda zan fito gwarzo. Yanzu yawancinsu sun riga ni, waɗanda suka rage kuma ba su daina tambaya ba. To ga shi yadda ya faru. Aji huɗu na yi a elementare, sai a yi haƙuri da rubutuna.

Mu biyu ne maza a ɗakin Inna: ni ɗan fari, sai Sale, tsakaninmu shekara tara. Saboda kunyar ɗan fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona, ni ma ba na kallon nata. In tana nemana sai ta ce, "A kira mini wancan." Sale kuwa a jikinta yake cin tuwo har ya yi wayo. Al'ada ce, kowane ɗan fari haka aka yi masa, don haka ban taɓa gaya wa kowa abin yana cina ba.

Sana'ar gidanmu a Kudan rake ce. Mu noma, mu matse da injin da doki ke juyawa, mu dafa mazarƙwaila. Dokin nan ne ya taɓa harbina a gira ta hagu, ya bar mini tabo da ya raba girar biyu. Sale bai taɓa son rake ba. Magina ya bi, ya koyi zanen bango irin namu: dagi, takobi, keke, agogo. Har daga Hunkuyi ana zuwa nemansa.

Ranar sadakar arba'in ɗin Baba muka fito da safe muka tarar Sale ya zana fuskar Baba da gawayi a bangon zaure, har da yadda yake karkata hula. Masu zuwa addu'a suka yi cirko-cirko. Wani tsoho mai raunin gani ya yi wa bangon sallama. Na zari karan rake na doki Sale a gaban jama'a har karan ya dagargaje, sannan na sa shi ya wanke bangon da hannunsa. Bai yi kuka ba. Bayan kwana uku aka nemi Sale aka rasa.

Shekara bakwai babu labari. Sai a shekara ta uku da samun mulkin kai wani falken goro na Makarfi, Malam Tanimu, ya yi sallama da ni. Ya ce akwai wani ɗan ƙasar Zariya mai fenti a Kumasi, kuma ya tabbata ƙanena ne.

Na ce, "Ka gan shi?"

Ya ce, "Ban gan shi ba. Aikinsa dai na gani."

"To ta yaya ka san shi ne?"

Ya kalli girata, ya cije leɓe, ya ce, "Malam Idi, in ka je ka gani."

A lokacin yanar ido ta fara rufe idanun Inna. Da labarin ya shiga gida ta aiko a kira ni. Ta juya fuska wajen bango kamar yadda ta saba, ta ce, "Kai. Ka je ka zo mini da shi, tun ina iya bambance mutum da inuwa." Ta turo mini ƙulli: mazarƙwaila goma da ta zaɓa da hannunta, da kuka, da daddawa. Har na kai bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Kada ka yi masa faɗa. Kome ka gani, ka haɗiye."

Na ce, "To, Inna."

Da aka gama matsar rake muka kama hanya da Malam Tanimu. Mota ta kai mu Zariya, muka shiga jirgin Ikko. Ban taɓa wuce Kaduna ba kafin nan. A bencinmu akwai wata Bayarabiya mai kwandon kaji. Tun daga Minna zakaranta ya ƙulla gaba da yatsun ƙafata, ita kuma duk ya sare ni sai ta miƙo mini alale a ganye don ban haƙuri. Na ci alale har ya ishe ni. A wata tasha bayan Jebba na sauka alwala, jirgi ya yi kuka, na ruga na kama ƙarfe, buta da takalmi ɗaya suka zauna a can. Da ƙafa ɗaya a takalmi na shiga Ikko. Malam Tanimu ya ce in bar shi haka, mutanen birni za su ɗauka sabon yayi ne.

Muka kwana biyu a Agege wurin 'yan goro, aka yi mini allura aka ba ni kati, sannan muka hau babbar mota mai bodin katako. Kan iyaka uku ne a gabanmu, kuma a kowanne ƙullin Inna ne ya sha wuya. A na farko ma'aikacin ya kwance shi, ya shinshina daddawa, ya ja da baya yana tofar da yawu. Mazarƙwaila kuwa ya ce sai ya tabbatar ba a ɓoye kome a ciki ba. Ya fasa ɗaya, ya ɗanɗana, ya ga lallai akwai buƙatar ƙarin bincike, ya ajiye biyu. A ƙasar Dahome wani jandarma mai gajeren wando ya yi mini dogon Faransanci. Na ce, "Na'am." Ashe tambaya yake ko kyauta na kawo masa. Shi ma ya ɗauki nasa.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne, muna tsallaka iyaka sai direba ya bar hannun hagu ya koma dama. Na yi salati na ce mutumin nan barci yake. Aka yi mini dariya, aka ce haka Faransawa suka bar wa mutanensu. Da muka wuce Lome muka shiga Gana sai ya sake komawa hagu. Na ce a raina, hanya ɗaya, ƙasa ɗaya, mutane masu kama ɗaya, amma kowane Bature ya bar musu hannun da za su bi. Muka haye wani babban kogi, motar da mu duka a kan jirgin fito. Ko da muka kai Ankara, babban birninsu, mazarƙwaila huɗu ta rage. A can na ga teku, ban ji ta burge ni ba. Ruwa ne mai yawa da ba ya shayuwa, ba ya ban ruwan rake.

A Kumasi muka sauka a Zango, gidan wani dattijo mai saukar da fatake, ana ce masa Baba Gariba. Kakansa daga Katsina ya zo, shi kuwa bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma ya fi ni ɗaura rawani. Aka ba ni tabarma a ɗakin da ake jibge huhunan goro, ƙamshin ganye da laima suka kama mini kai. Da safe koko da ƙosai kamar a gida. Da rana aka kawo dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da barkono. Na ce wa Baba Gariba tuwon nan ya kwana. Ya ce, "Kwana uku ma ya yi, da gangan." Wata rana na bi Malam Tanimu cin sakwara, na tsamo wani abu baƙi a miya ina taunawa kamar roba. Da aka ce mini dodon koɗi ne, ban ƙara cin abin da ban ga an yanka ba.

Amma ba abinci ne ya ɗaure mini kai a garin nan ba, bango ne. Mu a ƙasar Zariya in an yi wa bango ado, magini zai murɗa laka ya fitar da dagi ko takobi, mai wucewa ya san mai gidan yana da hali, shi ke nan. Bangonmu ba ya kallon mutum. A Kumasi kuwa duk inda ka juya ido ne a kanka. Mai sayar da abinci ya sa an zana masa mace tana daka da ƙatuwar gafiya a gefe. Mai gyaran agogo, agogo mai ƙafafu yana gudu. Gidan giya, mutum da kwalba yana dariya har haƙoransa talatin da biyu a waje. A bayan motoci akwai zaki yana danne mafarauci, akwai wata mace mai wutsiyar kifi da maciji a wuya tana taje gashi. Ko mai yin akwatin gawa yana da nasa allon. Ga jan zakaran jam'iyyarsu a kowace kusurwa. Na riƙa tafiya kaina a sunkuye ina istigfari, ina kuma satar kallo. Gaskiya ke nan, ina satar kallo.

Na tambayi Sale na Kudan, babu wanda ya san shi. Malam Tanimu ya tafi daji sayen goro ya bar ni. A kwana na uku, ina wucewa ta wata rumfar aski kusa da babbar kasuwa, na ɗaga kai na ga allon da ake zana kawuna don mutum ya zaɓi irin askin da yake so. Kai na farko ya tsayar da ni. Ɗan Tani ne, wanzaminmu na Kudan, da karyayyen hancinsa, an yi masa wani aski mai tsaga a gefe kamar ɗan makaranta. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana yi wa mutane ƙwal-kwabo! Na biyunsa ladanin unguwarmu ne, gashi ya yi tsiri a gaba kamar jirgin ruwa. Dariya ta kuɓuce mini ni kaɗai a tsakiyar titi, sannan na gane hannun Sale ne.

Daga nan na daina tambayar mutane, na koma bin fuskoki. Mai kifin da aka zana a wani shago Audu Gurgu ne na Likoro. Mafaraucin da zaki ya danne a bayan wata mota mai karɓar harajinmu ne, kuma na ji daɗin ganinsa a wurin. Rabin Kudan na tarar a Kumasi suna tallar abin da ba su taɓa gani ba, wasunsu ma sun daɗe a kabari.

Fuskokin suka kai ni bakin tashar mota. Tun kafin in ƙarasa na ga mata masu koko suna nuna ni. Wani ɗan kamasho ya zagayo ya leƙa fuskata, ya tafa hannu ya yi ihu da Hausar Zango:

"Jama'a, ga shi ya zo da kansa! Baba mai basir! Baba, ka warke?"

Tasha ta ɗauka. Wani ya ce a ba ni kujera mai laushi. Wata ta ce, "Sannu, Baba, zauna da gefe ɗaya." Na bi yatsunsu da kallo. A wani ƙaton allo a bangon rumfar wani mai maganin gargajiya, ga mutum tsayinsa ya fi nawa, ya tsuguna ya dafe bayansa da hannu biyu, ya murtuke fuska. Girarsa ta hagu a rabe biyu. Sai a lokacin na gane abin da Malam Tanimu yake cije wa leɓe tun daga Makarfi.

Mai maganin ya fito da murna, ya riƙe hannuna, wai in tsaya kusa da allon mutane su shaida. Na fizge. Na ce ina wanda ya yi wannan? Ya ce ai Zariya Penta ne, wato mai fentin nan ɗan Zariya, kowa ya san shi, ga lungunsa can bayan masu walda.

Na same shi a ƙarƙashin wata rumfar kwano, ya juya baya yana haɗa fenti a gwangwani. Ya yi faɗi, ya tara gemu. Na yi sallama. Bai juyo nan da nan ba, sai da ya ajiye burushi a hankali. Da ya gan ni ya durƙusa har ƙasa.

"Yaya. Sannu da zuwa. Yaya hanya? Yaya mutanen gida?" Sannan ya ce, "Inna fa?"

Na ce, "Tana nan. Idanu ne."

Na miƙa masa ƙullin. Ya kwance, ya ɗauki mazarƙwaila ɗaya ya kai hanci. Ya ce, "Ta fadamar gabas ce." Sai hawaye. Na gaya masa saƙon Inna. Bai yi musu ba ko kaɗan. Ya ce akwai motar da ya karɓi aikinta, zai gama ranar Laraba, Alhamis mu kama hanya. Ko tambayar abin da zai tarar a gida bai yi ba.

Na so in haɗiye kamar yadda aka umarce ni, amma abin ya taso. Na ce, "Sale, duk Kudan ba ka ga wanda za ka ba basir ba sai ni?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Yaya, mutumin ya ce fuska yake so wadda kowa ya gani zai san ana shan wuya. Na rufe ido, taka ce ta zo." Ya ɗago. "Amma ka duba ɗaya gefen?"

"Wane gefen?"

"Na bayan an sha magani. Kai ne dai, kana dariya. Wannan daga kaina na yi shi, don ban taɓa gani ba."

Ban duba ba. Har na bar Kumasi ban koma na duba ba.

Sannan ya ce in zo ya nuna mini wani abu. Rumfarsa tana jingine da bayan gidan wata Ba'ashantiya mai sayar da atamfa, ana ce mata Mami Akosuwa, ita ta ba shi wurin. Ya janye wasu alluna da ya jingina, sai ga bango. Ƙofar gidanmu ce ta Kudan. Ga doki a baya yana juya inji. Ga Baba a tsaye, hula a karkace. Ga Inna zaune a tabarma tana kaɗi, mazari a hannu, ta ɗago kai tana kallon mai shigowa, bakinta kamar za ta kira suna.

Ya ce, "Shekara biyu ina yin sa. Fuskar Baba ce ta fara guje mini, yau in tuna hanci, gobe in rasa ido. Na ce bari in kama su tun ban rasa duka ba. Kullum da safe nan nake fara gaisuwa."

Na tsaya ina kallon bangon. Shi ya ɗauka kallon na jin daɗi ne, har ya bar allunan a gefe bai mayar ba, don in riƙa gani.

Ni kuwa abin da nake gani daban. Inna tun da aka kawo ta gidan Baba, namijin da ba muharraminta ba bai ga fuskarta da rana ba. Ga ta nan a lungun Kumasi, masu walda suna wucewa, mashaya suna wucewa, kowa ya kalla. Haka na gaya wa kaina. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin wannan. Kallon da take yi a bangon nan, ban san shi ba. Kallon da take yi wa Sale ne.

Ranar Laraba ya tafi ƙarasa motar, ya bar ni a rumfa. Da hantsi sai ga ɗan kamashon nan na tasha da abokansa biyu sun biyo lungun. Ya gan ni ya washe baki.

"A'a, Baba mai basir! Nan kake jinya?" Ya juya ya ga bangon. "Wannan tsohuwarka ce? Kai, ta fi ka fara'a wallahi. Ita ba ta da ciwon ko?"

Suka wuce suna dariya. Ba su zagi kowa ba, in an bi gaskiya. A gefen rumfar akwai bokitin farar ƙasa da Sale ya jiƙa don wani aiki, da tsintsiya a ciki. Na ɗauka. Da Baba na fara. Da na zo kan Inna na tsaya, na kalle ta sosai, sannan na shafa.

Mami Akosuwa ta fito da gudu, zane a hannu, tana ihu da yarensu. Ta riƙe mini hannu, na ture ta. Da 'yar Hausarta take cewa, "Uwanka ne! Kai, uwanka ne!" Na gama na ajiye bokitin.

Wanda ya san farar ƙasa ya san ba ta rufe abu sai ta bushe. Ko da Sale ya dawo da azahar, bangon da sauran danshi, ana hango su biyun dishi-dishi kamar mutane a bayan labule. Ya tsaya, gwangwani a hannu. Mami ta kawo ruwa cike da bokiti, tana nuna masa cewa fentin mai ne a ƙasa, in an wanke yanzu farar ƙasar za ta fita. Ya ɗaga mata hannu.

"Bari, Mami. Shi ne babba."

Ya juyo yana kallona, yana jira. Ita ma tana kallona, ruwa a hannu. Kalma ɗaya ce, in ce a zuba. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Na harɗe hannu a baya na kafe. Muna tsaye mu uku rana ta yi aikinta. Hular Baba ce ta fara tafiya, sai mazari, sai idanun Inna.

Da bangon ya yi fari fat, Sale ya ce, "Yaya, sau biyu ke nan."

Na ce, "Mutuncin gidanmu na kare. Ka shirya kayanka, gobe da sassafe."

Ya ce, "In na koma Kudan, wane bango za ka bar mini?"

Na ce rake na nan tana jiran hannu. Ya gyaɗa kai, ya shiga wurin Mami, ya fito da turmin atamfa mai ruwan ganye. Ya durƙusa ya miƙo mini da hannu biyu, yadda ƙane ke yi wa wa.

"Ka kai wa Inna. Ka ce ina gaishe ta. Allah ya kiyaye hanya."

Na ɗauka fushi ne na kwana ɗaya. Da safe na zo, rumfar a rufe. Baba Gariba ya ce in ƙara kwana biyu, in nemi yaron in ba shi haƙuri, babba ba ya raguwa don ya ce ya yi kuskure. Na ce ni ba zan roƙi ƙanena ba. Ko Malam Tanimu ban jira ba, na hau mota.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Iyakokin nan uku dai, babu mai tsayar da ni, don ba ni da abin ɗanɗanawa.

Na isa Kudan da la'asar. Inna tana jin sallamata ta miƙe zaune, tana karkata kunne ta ji ko takun mutum biyu ne. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce aiki ya riƙe shi, ya ce sai wani lokaci. Na tura mata atamfar. Ta shafa ta, ta kai hanci.

"Yana cin abinci?"

"Yana ci. Har ya yi ƙiba."

"Ya karɓi saƙon?"

"Ya karɓa. Ya ce ta fadamar gabas ce."

Ta yi 'yar dariya. Ta daɗe tana shafa atamfar. Sannan, fuskarta a wajen bango, ta ce, "Shekara bakwai. Ko ya tuna kamannina?"

Ina da amsar da babu wani ɗa a ƙasar Zariya da ya taɓa kawo wa uwarsa irinta. In ce, Inna, shekara biyu ya yi yana zana ki, kullum ke yake fara gaisarwa, har baƙi sun san fara'arki. Amma in na faɗi haka, za ta tambayi inda zanen yake.

Na ce, "Bai yi zancen ba."

Ta ninke atamfar ta sa a ƙarƙashin matashi. Ta ce, "To." Ba ta sake tambayata Sale ba. Kafin rake ta sake nuna muka binne ta.

Shekarun baya da aka kori baƙi daga Gana, na yi kwanaki ina zuwa tashar Zariya ina duba masu saukowa da ƙullin kaya. Ba ya ciki. Na aika wasiƙa ta hannun fatake sau uku, ba amsa. Zuwan Malam Tanimu na ƙarshe ya ce an rushe lungun, Mami ta rasu, wasu sun ce Zariya Penta ya yi yamma, wasu sun ce Abijan. Na ce babu abin da ya rage na aikinsa? Ya ce akwai. Allon mai maganin basir yana nan, har an sabunta masa fenti. A duk gidanmu, fuskar da ta tsira ke nan.

Ni ba malami ba ne. Hukuncin zanen mai rai na malamai ne, ban ce a bar abin da suka faɗa ba. Abin da na sani shi ne ba don Allah na ɗauki bokitin nan ba. An yi mini dariya a tasha, kuma na ga uwata tana yi wa wani kallon da ba ta taɓa yi mini ba. Sai na nemo sunan addini da mutunci na lulluɓa a kai. Shekaru na yi ina ba da labarin a haka, ana cewa Malam Idi namiji ne.

Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, Baba ma haka. Jikokina sukan tambaye ni kamanninta. Nakan ce doguwa ce, fara. Iyakar abin da nake da shi ke nan. Ɗan fari ne ni, ban taɓa ɗaga ido na ƙare mata kallo ba. Kallo mafi tsawo da na yi wa fuskar mahaifiyata a duniya, a bangon nan ne na Kumasi, tsintsiya tana ɗiga a hannuna.

Ku da kuka karanta, roƙona ɗaya ne. In aka aike ku ku dawo da mutum, ku dawo da shi, a yi sauran maganar a gida. In ranku ya ɓaci a kan abin da ɗan'uwa ya yi da hannunsa, ku tambayi kanku tsakani da Allah ko don wa kuke fushin, kafin ku taɓa. In kuma kun riga kun taɓa, wani ya tsaya a gabanku da ruwa tun bangon bai bushe ba, kada ku yi abin da na yi. Ku ce a zuba.